Albasar kwaɗi, rumana ko gatarin kurege: wanne za ka kai lambun gidanka?

Shekarun baya na cika gefen katangar gidana da furannin da na saya a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi. Sun yi kyau wata biyu. Da hunturu ya kama, zafin Maris kuma ya biyo baya, sai ga shi kullum da yamma ina jan bokiti, su kuma suna ƙara yaushi. Abin da ya fi damuna shi ne ban taɓa ganin ƙudan zuma ko tsuntsu ya kula su ba. A waccan shekarar ce, ina dawowa daga ƙauye bayan ruwan farko mai ƙarfi, na tarar da wata fadama ta yi fari fat da furen albasar kwaɗi, ba mai ba ta ruwa, ba mai zuba mata taki. Tun daga nan na koma neman namu na gida.

Idan kana son lambun da zai jawo ƙudan zuma, malam-buɗe-littafi, kwaɗi da ƙananan tsuntsaye, kuma ba ka da ruwan ɓarnatarwa, tsirrai masu albasa ko saiwa a ƙarƙashin ƙasa su ne abin nema. Suna ajiye abinci da ruwa a cikin albasar, su zubar da ganye da rani, su kwanta har damina ta sauka. Sai dai kowanne da irin wurin da yake so, kuma a nan ne mutane ke asarar kuɗinsu.

Albasar kwaɗi, wadda masana ke kira Crinum ornatum, ita nake fara ba kowa shawara. Albasarta babba ce, ganyenta dogo mai lanƙwasa, furenta fari da jan layi a tsakiyar kowane kunne. Sanda guda kan ɗauko furanni da yawa, suna buɗewa bi da bi. Sunanta ma ya gaya maka inda take zama: wurin da ruwa ke kwanciya da damina ya bushe da rani. Ƙarƙashin indararo, ko kusurwar tsakar gida da ke yin taɓo a watan Agusta, inda sauran furanni ke ruɓewa, nan ne gidanta. Tawa tana bakin makwararar ruwan alwala. Da magariba furen kan saki ƙamshi, sai ka ga manyan malam-buɗe-littafin dare sun zo sun tsaya cak a iska, fikafikansu na rawa, sun zura dogon bakinsu cikin furen. Da rana kuma kwaɗi na laɓe a gindin ganyen saboda sanyi, da dare su fito cin ƙwari.

Wajen sayenta, ka ɗauki albasar a hannunka ka latsa. Mai kyau tana da nauyi da tauri kamar albasar miya sabuwar haƙa. Idan gindinta ya yi laushi ko tana wari, ajiye ta. Gara ka sayi babba guda ɗaya da ƙanana biyar, domin ƙaramar za ta ɗauki shekaru kafin ta yi fure. A binne ta wuyanta na waje, a bar tazarar kamar santimita 50 tsakaninta da 'yar'uwarta, sannan a ƙyale ta. Ba ta son a riƙa tayar da ita. Wadda aka canza wa wuri takan yi shekara ba fure. Aibinta biyu ne: tana cin fili, kuma akwai wata baƙar tsutsa mai ɗigo-ɗigo da ke huda ganyen ta gangara har cikin albasar. Ni da hannu nake tsince ta da safe. Feshin maganin ƙwari zai kashe baƙin da ka shuka furen dominsu.

Mai ƙasar jigawa, kamar yawancin gidajen Katsina, Daura, Maraɗi da Damagaram, zai fi dacewa da hatsin manoma, wato Pancratium trianthum. Ƙaramin tsiro ne mai siririn ganye, furensa fari tas mai ƙamshi, yana fitowa da ruwan farko, lokacin da manomi ke shirin shuka. Da yamma yake buɗewa, kuma ba ya daɗewa, kwana ɗaya ko biyu ya yi yaushi. Wanda ke son fure ya zauna masa makonni ba zai gamsu ba. Ni kam wannan daren guda ya ishe ni. A kula a nan: masu fulawa suna sayar da wani mai kama da shi, Hymenocallis, wanda asalinsa daga nahiyar Amurka ne. Ana gane shi da faffaɗan ganye mai sheƙi da ba ya zuba matuƙar yana samun ruwa. Ba mugun tsiro ba ne, amma yana neman ban-ruwa da rani, kuma ba shi ne kake nema ba.

Rumana, Gladiolus dalenii, ita ce ta mai ƙaramin wuri, ko mai zaman haya da ke shuka a tukunya. Ganyenta miƙaƙƙe kamar takobi, furenta ja da rawaya a jere a kan sanda. Tana cikin kakannin ire-iren da ake nomawa a Turai don ado. Masu ziyartarta su ne ƙananan tsuntsayen nan masu lanƙwasasshen baki da ke tsotsar ruwan fure, waɗanda ake ce wa sha-kauci. Ana binne ƙwayarta zurfin kamar santimita 10 a ƙasar da ba ta riƙe ruwa, gab da saukar damina. Tana hayayyafa da kanta, bayan shekara biyu ko uku sai ka haƙa ka raba wa maƙwabta. Ta fi jin daɗin wurare irin su Kaduna, Zariya da Jos, inda damina ta fi tsawo.

Sai gatarin kurege, ko baurairai, Gloriosa superba. A kyau babu wanda ya kama ƙafarsa: kunnuwan furen suna lanƙwashewa baya kamar harshen wuta, ja da rawaya, shi ne ma furen ƙasa na Zimbabuwe. Yana hawa danga da ƙarshen ganyensa da ke naɗewa kamar ƙugiya, malam-buɗe-littafi kuma na sonsa. Saiwarsa mai lanƙwasa ce kamar ƙotar gatari, tana da saurin karyewa, kuma daga ɗan tsinin bakinta kaɗai take tsirowa. Idan tsinin ya gutsure, ka sayi banza. A kwance ake binne ta, ba zurfi sosai.

Duk da haka ba na ba gidan da ke da ƙananan yara ko awaki shawarar shuka shi. Dukkan tsiron guba ne, saiwar ta fi, kuma tana kama da ƙaramar doya ko dankali. Tana iya kisa. Albasar kwaɗi da hatsin manoma ma suna da guba, don haka kada a ajiye su kusa da kwandon albasar miya, ko da na awa ɗaya ne kafin a shuka. Na taɓa barin guda biyu a kan dakali, ina juyowa sai na ga ƙaramar 'yata ta ɗauka za ta kai wa mahaifiyarta madafi. Tun ranar, daga buhu sai rami.

Bado kuwa sai mai kududdufi ko babbar kwatarniya. Yana buɗewa da dare ya rufe da hantsi, kwaɗi na sonsa, amma ruwan da ke tsaye gidan sauro ne. In ba za ka sa ƙananan kifi a ciki ba, bar shi a tafki.

Inda za a samo su ya fi komai wuya. Masu fulawa na Kano, Kaduna da Abuja sun fi ajiye na waje, sai ka tambaya da sunan Hausa, wani lokaci ka nuna hoto a waya. Ka saya lokacin da tsiron ke da fure, ka ga abin da kake biya da idonka, domin albasa ba ganye duk kamarsu ɗaya. Kada ka aiki yaro ya tono maka fadama kaf. Abin da aka kwashe a rana ɗaya ya yi shekaru yana taruwa. Wanda ke da ita a gida zai iya ɓallo maka 'ya'yan da ke gefen uwar, manomin da zai nome sabon fili ma yakan tono su ya zubar, ka roƙe shi. Akwai kuma iri: bayan furen albasar kwaɗi ya faɗi, takan yi 'ya'ya masu tsoka kamar ƙananan goro. Ba a ajiye su kamar irin gero. Ka ɗora su a kan danshin ƙasa a inuwa nan take, ka ɗan danna su, cikin 'yan makonni za ka ga saiwa ta fito ta nufi ƙasa.