Rumfar hayar littattafai a bakin kasuwar Dole ta Damagaram

Rumfar ƙarama ce, benci ɗaya da kwalaye, amma mai ita ya san kayansa. Yawancin littattafan daga Kano yake sarowa, haya dala ashirin kwana biyu. Ni labaran ban dariya na aljanu da ƙasashen da babu su suke kai ni can, irin wanda maƙaryaci zai shiga garin dodanni ya fito da riba. Ƙanwata kuwa cewa take shirme ne na yara, alhali ita ke fara ƙwace su in na shigo gida.

Wajen tarihi ne ya gaza. Akwai 'yan littattafai masu sauƙin karatu kan sarakunan Kano da Katsina, cike da raha, amma na Damagaram ko ɗaya. Ina labarin Sarki Tanimun da ganuwarsa da igwoginsa? Ina na Sarki Amadu Kuran Daga da kisan Kazamaju, kyaftin ɗin sojan Faransa, a 1898, ko mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926? Na tambayi mai rumfar, ya ce: "Malam, waɗannan sai da Faransanci."

Ka duba shafukan ƙarshe kafin ka biya, wasu sun yage. Ba ya buɗewa sai bayan la'asar.