Daren da aka roƙe mu mu kashe fitilu a Kalgari

'Yan uwa, kun dame ni da tambayar sanyin Kanada, wai ko ya kai na Jos. A tsakiyar Janairun 2024, iskar da ta gangaro daga ƙuryar arewa ta kai ma'auni ƙasa da sifili da fiye da digiri 30 a nan birnin Kalgari, a filin jirgin Edmonton kuwa har 45. A irin wannan rana sanyi kan ci fatar da ba a rufe ba cikin 'yan mintuna, numfashinka ya daskare a gemu. Mota kuma, in ba ka jona igiyar da ke leƙowa daga gabanta da lantarki ta ɗumama injin ba, da safe ko tari ba za ta yi ba.

Daren Asabar 13 ga wata, muna shirin cin abinci, sai wayoyin gidan suka ɗauki ƙara lokaci guda. Saƙon gaggawa ne daga gwamnatin lardinmu na Albata: lantarki na gab da gazawa, a kashe duk fitilar da ba a buƙata, a dakata da injin wanki da cajin mota, in ba haka ba za a fara ɗauke wuta unguwa-unguwa. Iska ta kwanta, don haka fankokin da ke samar da wuta sun tsaya, rana ta faɗi, wasu tashoshin gas kuma sun sami matsala.

Gabana ya faɗi. Gas ne ke ɗumama gidajenmu, amma na'urar da ke hura ɗumin cikin ɗakuna da lantarki take aiki. Ta tsaya, gida ya huce, bututun ruwa su daskare su fashe, ga yara. Kuma a layinmu ban san mai janareta ko ɗaya ba.

Muka kashe namu, na leƙa ta taga. Wallahi ina kallo tagogin maƙwabta suna yin duhu ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗan sanda a titi, babu maganar tara. Hukumar da ke kula da layin wutar ta ce cikin mintuna buƙata ta ragu da megawat 200, lardin Saskachewan ma ya turo agaji, aka kwana ba a ɗauke wa kowa ba.

Na daɗe ban yi barci ba, gida nake tunani. Lardin da mutanensa ba su kai miliyan 5 ba a lokacin ya ja sama da megawat 12,000 a wancan makon, mu a Najeriya fiye da miliyan 200 muna rabon 4,000 zuwa 5,000. Wannan laifin masu mulki ne da masu wutar, da kan jefa gari cikin duhu ba sanarwa balle ban haƙuri. To amma mu fa? Da mu aka turo wa wannan saƙo, wani guga zai jona, wani famfon rijiyar burtsatse, kowa na cewa bari in ci rabona kafin su ɗauke. Mai zagaye mita ya zagaye, taransifoma ta ƙone, mu dawo muna karo-karo. An yi mana ƙarya har mun daina yarda da sanarwa, mu ma mun daina tausayin na ƙarshen layi, kuma abin yana ci mini rai.

Kada dai ku ɗauka hutu muke. Dusar ƙanƙara ta sauka, doka ta ba ka awa 24 ka share hanyar ƙafa ta gaban gidanka, ko birni ya share ya aiko maka da takardar biya. Tayoyin hunturu daban ake saye, rigar sanyi ta kirki kuɗinta ya isa cefanen wata. Batirin motata ya mutu a makon, masu zuwa tayarwa suka ce layi ya yi tsawo, sai bayan kwanaki. A Kano da kafin in rufe baki samarin unguwa sun tura ta. Nan maƙwabcina ya ɗago mini hannu ta bayan gilashi, na shiga bas zuwa aiki, hanci na zuba.