InterPro: yana faɗin gidan su furotin, ba ya faɗin sana'arsa

Wata uku ke nan ina amfani da InterPro, wani shafin intanet da ke gano dangin da furotin ya fito, a binciken digirina na biyu, a kan furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum. Galibi sai dare ya raba nake shiga, daga ɗakina a Idi-Araba, lokacin da hayaniyar Legas ta lafa, intanet kuma ya ɗan saki jiki.

Kyauta ne, kuɗin data kawai za ka kashe. Cibiyar EMBL-EBI da ke Hinxton, kusa da Kambirij a Ingila, ita ke kula da shi. Za ka liƙa jerin haruffan amino asid na furotin ɗinka, wato tubalan da suka gina shi, ka danna, shi kuma ya bi rumbunan bayanan furotin irin su Pfam, PROSITE, SMART da PANTHER ya tattaro maka amsa a shafi guda. Da can sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ita Pfam ma yanzu ta tare gaba ɗaya a cikinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne zanen da yake fitarwa: furotin a miƙe kamar sanda, kowane sashe da launinsa, ga inda ya fara, ga inda ya ƙare.

Sai dai na taɓa yin azarɓaɓi. Ya nuna mini cewa wani furotin ɗan dangin kines ne, nan take na rubuta cewa aikinsa ɗora fosfet a kan wasu furotin. Malamina ya duba, ya ce, "Kai ɗan Kano ne, duk wanda aka haifa a gidan maƙera ne yake ƙira?" Na ce, "A'a, Malam." Da muka jera haruffan, ashe amino asid ɗin da ke yin ainihin aikin babu shi a wurin. Kama ce kawai ta dangi. Laifina ne, don manhajar hasashe ta yi, ni na mayar da shi hukunci.

Wani lokaci kuma amsar ita ce DUF, wato sashen da ba a san aikinsa ba. Da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba abin mamaki ba ne: da aka fitar da jerin halittarta a 2002, kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗinta ba su yi kama da wani sananne ba.

Ɗalibin da zai fara, ya fara da shi, amma ya buɗe bayanin kowane dangi ya karanta kafin ya kai wa malaminsa. Ni furotin biyu suka rage mini, dukansu DUF, kuma ranar Litinin zan koma ɗakin gwaji da su.