Roto Ko Karon Mako: Wace Doka Ta Dace Da Gasar Besbol Ta Kwamfuta?

A wannan gasa (fantasy baseball), kowa yana haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasan besbol na gaske, a ba shi maki bisa abin da suka yi a fili. Kafin a zauna zaɓen 'yan wasa, a fara yanke yadda za a riƙa ƙirga maki, domin rigimar watan Agusta galibi daga nan take tasowa.

Roto shi ne tsohon hannu. Marubuci Daniel Okrent da abokansa suka ɓullo da shi a New York a 1980, sunan kuwa taƙaitaccen Rotisserie ne, daga sunan gidan abincin da suke haɗuwa. Ana tara alƙaluman kakar gaba ɗaya, wasanni 162, a rukuni 10: 5 na masu dukan ƙwallo, 5 na masu jifa. Idan ku 12 ne, na farko a kowane rukuni maki 12, na ƙarshe maki 1. Ba ruwansa da sa'ar mako guda. Aibinsa, wanda ya tsinci kansa na 11 a watan Yuli sai ya yi watsi da ƙungiyarsa, ɗan wasa ya ji rauni sati 3 yana nan a jeri. Maganinsa a ware kyauta ga wanda ya fi yin gaba a rabin kaka na biyu.

Karon mako ya fi armashi: Litinin zuwa Lahadi kai da mutum ɗaya. Sai dai wasan ƙarshe yana faɗowa a Satumba, lokacin da ake hutar da taurari, gwani ya sha ƙasa a banza. A kammala kafin makon ƙarshe. A kuma ƙayyade sauyin 'yan wasa zuwa 4 a mako, in ba haka ba wani zai riƙa ɗauko sabon mai jifa kullum safiya.

Ga sababbin shiga, karon mako ya fi riƙe su.