Sharhi a kan kwalaben kyandir da wani shago a Kano ke mayarwa kayan ado

Wani ƙaramin shago a Kano yana karɓar kwalaben kyandir mai ƙamshi da suka ƙare, ya gyara su, ya mayar da su mazubin turaren wuta, tsintsiyar kunne da busassun furanni, kuma aikin nasu ya cancanci yabo.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne tsabtar wankin. Suna zuba ruwan zafi a cikin kwalbar har ragowar kakin ya narke ya taso sama, idan ya huce ya daskare sai su ɗauke shi, sannan su ɓamɓare ɗan ƙarfen da ke riƙe lagwani, su goge gam ɗin takardar jikin kwalbar da man gyaɗa kafin su wanke da sabulu. Saboda haka tsohon ƙamshin ba ya gauraya da na turaren, kuma murfin mai zoben roba yana riƙe ƙamshin turaren sosai.

Adon igiyar rama da suke naɗawa a wuyan kwalbar yana da ƙarko, amma fentin ruwan zinariya yana saurin ɓarewa idan ruwa ya taɓa shi, don haka gara a riƙa goge shi da busasshen tsumma. Ya kamata kuma su riƙa gargaɗin masu saye cewa kada a sa garwashi a ciki, domin wannan gilashin ba kasko ba ne, zafin gawayi yana iya tsaga shi, kuma bai dace a ajiye abinci a ciki ba.