Mota har ƙofar gida, ko a ajiye ta a Rano a hau acaɓa?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya da daddare. Ka ce abokinka ya gayyace ka suna a ƙauyensu da ke bayan Rano ranar Asabar, kana da Corolla, kuma Google Maps ya nuna maka hanya har cikin garin. Kana so ka san wanne ya fi: ka tuƙa motarka har ƙofar gida, ko ka ajiye ta a Rano ka ƙarasa a kan babur. Na yi duka biyun wajen zuwa gidan wani aminina a wancan yankin, bari in faɗa maka yadda na same su.

Farkon tafiyar babu zaɓi a cikinsa. Ka kama titin Zariya, ka wuce Na'ibawa, ka haye gadar Tamburawa, a Karfi ka saki babban titi ka bi ta Bunkure har Rano. Kwalta ce, ko da za ka ci karo da ramuka nan da can. Ka cika tanki tun daga Kano. Maganar tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare.

Mota tana da abin da babur ba zai taɓa ba ka ba. Za ka isa da farar shaddarka fes, hularka ba ta tashi ba. Biredi da sukari da sabulu da atamfar mai jego duk suna but. Kuma ka san mutanen karkara ba sa barin baƙo ya tafi hannu rabbana: za a haɗo ka da gyaɗa, da ɗan buhun masara, wataƙila har da zabi biyu a ɗaure. Idan da iyali za ka, ga yara ƙanana, mota ta fi rufin asiri nesa ba kusa ba. Sannan lokacin dawowa a hannunka yake. Da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ni ma mota nake shiga da ita. Abin kiyayewa a lokacin shi ne yashi a gindin rafi da ƙaya a gefen hanya, sai kuma hanyoyin da suka ratsa gonakin noman rani. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin magudanai zuwa Kura da Garun Malam da Bunkure, don haka kana iya tarar da taɓo a tsakiyar watan Maris inda ruwa ya ɓalle daga wata gona.

To amma yanzu muna cikin Agusta ne, watan da ruwa ya fi sauka a ƙasar Kano, kuma a nan lissafin ke juyewa. Layin da ka gani a waya bai san an yi ruwa jiya ba. Bai san kwalbati ya karye ba, bai san kwazazzabo ya cinye rabin hanya ba, bai kuma bambance burji da burtali. Sau da yawa abin da ya zana maka hanyar shanu ce tsakanin gonaki, dawa ta rufe ta hagu da dama, inda amalanke ta haƙa layi biyu masu zurfi ta bar tudu a tsakiya. Hilux za ta wuce. Corolla kuwa cikinta zai zauna a kan tudun, tayoyin gaba su yi ta juyawa a banza.

Haka ta faru da ni shekaru uku da suka wuce. Na ga ɗan ruwa kwance a hanya, bai fi tsawon tabarma biyu ba, na ce ai wannan ba komai. Ina shiga motar ta kafe. Na taka mai, ta ƙara nutsewa, har na fara jin ƙaurin kuloci. Wasu samari da ke dawowa daga gona suka ajiye fartanyoyinsu, suka naɗe wanduna, ɗaya ya saro rassan darbejiya ya cusa ƙarƙashin taya, wani dattijo ya kwance shanunsa biyu daga amalanke aka ɗaura igiya. Sai da muka kwashe kusan awa biyu. Na miƙa musu kuɗi, dattijon ya ce, "Haba Alhaji, ai kai baƙonmu ne," da ƙyar samarin suka karɓi na goro. Har gobe ina yi musu addu'a. Amma na isa bayan an raɗa suna, an ci tuwo an watse, kuma salansa ta tsage sai da na kai ta gareji.

Babur kuwa, a irin wannan lokaci, shi ne sarkin hanya. Mu mutanen birni mun manta da acaɓa tun da aka hana shi a cikin Kano a 2013, amma a karkara shi ne motar kowa. Ɗan acaɓar da ke tsaye a bakin tasha ya bi hanyar nan da safiyar ranar, ya san wane rafi ne ya kawo, ya san inda ake ratsewa ta bayan wata gona a fita. Inda mota za ta tsaya cak, shi sai ka sauka ku tura taku goma ku hau ku ci gaba. Kuɗinsa kuma bai kai abin da bakanike zai karɓa a gyara guda ba.

Shi ma yana da nasa. Laka za ta fantsal maka har gwiwa, don haka ka sa tsofaffin kaya, na sunan ka ninke su a leda ka sauya idan ka isa. Kaya kaɗan yake ɗauka. Hadari na iya haɗowa kuna tsakiyar daji babu wurin fakewa. Wasu yaran kuma gudu gare su, ka zaɓi mai ɗan shekaru, ka ce masa tun farko ba sauri kake ba. Motar kada ka bar ta a bakin titi haka kawai: abokinka ba zai rasa ɗan'uwa ko sananne a Rano da za ka ajiye a ƙofar gidansa ba.

Ni dai a wannan watan, da irin motarka, babur zan ce ka hau. Abin da zai sa in sauya magana ɗaya ne. Ka kira abokinka ranar Juma'a da yamma, kada ka tambaye shi ko hanya tana da kyau, domin zai ce maka lafiya lau don yana son ka zo. Ka tambaye shi yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, kuma wace ƙaramar mota ce ta shigo garin a makon nan. Idan ya ce Golf ɗin da ke jigilar 'yan kasuwa tana shiga kullum, to ka bi sawunta, ka sa ya turo yaro ya tare ka a inda kwalta ta ƙare, domin sabis yakan ɗauke a can. Ka duba safaya da jak, ka jefa igiya mai ƙarfi a but. Duk ruwan da ka gani kwance, ka sauka ka auna shi da sanda kafin ka shiga, ka wuce da giya ɗaya ba tare da tsayawa ba.

Ko wanne ka ɗauka, ka fito daga gida bayan asuba, ka yi sallama da su da an idar da la'asar, yadda magariba za ta same ka a kan kwalta. Allah Ya raya jaririn, ka gaishe mana da angon ƙarni.