Oud Wood na Tom Ford: turaren mutumin da bai cika magana ba

Wata biyar kenan ina fesa wannan turaren, to yanzu kam ina ganin bakina ya kai in ce wani abu a kai. Tun farko ma ba ni na saya ba, yayana ne ya dawo daga Dubai ya miƙo min kwalba ƴar 50ml mai launin toka-toka kamar hayaƙi ya cika ta, ni kuma da na ga an rubuta oud a jiki sai na zaci irin al'ud ɗin da muka saba ne, wanda in mutum ya shafa ya shigo masallaci sai sahu uku sun san ya iso. Ashe ba haka ba ne.

Feshin farko abin da ya fara dukan hancina ɗan yaji-yaji ne, kadamon ɗin nan da Larabawa ke sa wa gahawa, da wani barkono mai sanyi da ake kira na Sichuwan. Minti goma sha biyar haka sai ya kwanta, itace ya fito, sandal da al'ud mai laushi sosai, kamar ka buɗe tsohuwar durowar katako da aka daɗe ana ajiye shadda a ciki. Can ƙasa kuma akwai jema, eh jemar nan dai tamu da ake haɗa saiwarta a turaren wuta, da ɗan zaƙin banila da amba wanda bai kai ya gundure ka ba. Wallahi wannan matakin na tsakiya shi ne ya saye ni, ranar farko ina tuƙi ina ta kai wuyan hannuna hanci kamar wani sabon shiga.

Shi al'ud asalinsa daga bishiyar Aquilaria yake, a Indiya wajen Assam, da Kambodiya da Biyetnam, sai wata cuta irin ta naman gwari ta kama itacen sannan yake fitar da ƙaro mai duhu mai ƙamshi, shi ya sa yake tsada haka. Na asalin yana da wani ƙarfi, har ɗan warin garke wasu ke ji. Tom Ford, mai zana kayan sawa ɗan Amurka, da ya fito da wannan turaren a 2007 cikin jerin turarukansa na musamman da ake kira Private Blend sai aka wanke duk wannan aka goge shi tas. Wani abokina ɗan Maiduguri da ya shinshina cewa ya yi wannan ai al'ud ne da ya yi boko, muka yi ta dariya amma gaskiya ya faɗa.

To wane irin namiji yake kawo maka a rai? Ni dai kullum wani kawuna yake tuno min, mutum ne da za a yi ta hayaniya a zaman sulhu yana gefe cikin farar shadda da hularsa zanna ya yi shiru, sai kowa ya gaji sannan ya yi magana biyu a tashi. Ba ya ɗaga murya, ba ya nuna agogo, kuma ba ka taɓa ganin takalminsa da ƙura. Turaren haka yake, ba ya riga ka shiga ɗaki, sai wanda ya matso kuka gaisa hannu da hannu zai ji. In kai mai son a waigo ne duk inda ka gifta, ko kana neman na zuwa zance da za a ji ka tun daga zaure, gaskiya nemi wani.

Lokacin hunturu ya fi yi min daɗi, sanyin safiyar nan da hazo, sai ka ji ɗumi-ɗumi kamar ka yafa bargo. Da zafin Afrilu kuwa gara ka fesa a riga, a jikin yadi yana kwana, na taɓa ɗauko babbar rigar da na sa ranar Juma'a bayan kwana biyu ƙamshin yana nan a wuya. Madam ma cewa ta yi ya fi dacewa da kayan gida a kan ƙananan kaya, kuma na yarda da ita.

Kuɗin dai ba wasa, 50ml ɗin nan ya haura dala 200, ka buga da canjin yau ka ji. Kuma jabu sun yi yawa, wani shago da na leƙa aka nuna min wai shi ne a kuɗin da bai kai na ƙosai da biredi na wata ba, na fesa sai warin sifirit kawai, kafin in kai bakin titi ya gudu. In za ka gwada ka fara da ɗan tsiyaye na 5ml ko 10ml wajen wanda ka yarda da shi, ka yi sati da shi tukunna. Tawa kwalbar ta kusa rabi, yanzu sai Juma'a da ɗaurin aure nake taɓa ta.